Kayan Sauti Marasa Rimot: Yadda Za Ka Zauna da Su Ba Tare da Zarya Ba

Yawancin amfilifayoyi (na'urorin da ke ƙara wa sauti ƙarfi su tura shi ga sifikoki) da rediyoyin gida da aka ƙera kafin 1980 ba su zo da rimot ba. Talabijin ce ta riga su samu. Kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot marar waya tun tsakiyar shekarun 1950, amma irin wanda muka saba da shi yau, mai aika umarni da hasken da ido ba ya gani, sai a farkon shekarun 1980 ya yaɗu, daga nan ya gangaro kan kayan kiɗa. Don haka duk wanda ya mallaki tsohuwar Pioneer, Sansui, Marantz ko Kenwood ta shekarun 1970, da hannu zai murɗa ta. Har yau ma akwai masu ƙera sababbi haka da gangan, musamman ƙananan amfilifayoyi, don a rage tarkace a hanyar da sauti ke bi.

Abin da ke gajiyar da mutum ba rashin rimot ɗin ba ne, zaryar ce: ka zauna, ka tashi ka rage murya, ka dawo, waƙa ta canza, ka sake tashi. Galibin wannan zaryar kuwa daga rashin saiti take zuwa, kuma ana iya kashe ta ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Shi ya sa tsarin da ke ƙasa ya fara da abin da ba ya buƙatar sayen komai, buɗe cikin na'ura ya zo daga ƙarshe.

Mataki na 1: Tabbatar ko ba ta da rimot ne, ko ɓata ya yi

Mutane da yawa suna fama da na'urar da a zahiri tana karɓar rimot, kawai an sayar musu da ita babu shi. Ɗauki tocila ka haska fuskarta a karkace. Idan ka ga wata 'yar taga mai duhu, baƙa ko ja-ja, sau da yawa a gefen allon da ke nuna lambobi, to idon karɓar umarni ne. Wata alamar kuma ita ce maɓallin murya mai ɗan ƙaramin haske a jikinsa, ko wanda ke juyawa ba iyaka, ba ya tsayawa a ƙarshe. Irin waɗannan kusan duk an yi su ne da rimot.

Idan haka ne, aikinka ya yi sauƙi. Nemi lambar samfurin a bayan na'urar, ka sayi rimot ɗin da ya dace da ita, ko na gama-gari wanda ake saka wa lambar kamfani. Wasu wayoyin hannu, kamar da yawa daga cikin na Xiaomi, suna da idon aika hasken rimot a samansu, suna iya tsayawa a madadin rimot. In kuma akwai tsohon rimot a gida ana shakkar ko yana aiki, nuna bakinsa ga kyamarar waya ka danna: idan da rai za ka ga haske yana ƙyaftawa a allo. Kyamarar gaba ta fi nunawa a wasu wayoyin, domin ta baya tana da matacin da ke tare hasken.

Leƙa bayan na'urar ma. Wasu na'urorin kaset da na CD ba su da idon kansu, sai wata 'yar kafa da ake haɗa su da amfilifayar kamfaninsu, ita ce ke miƙa musu umarni. Onkyo na kiran tata RI, Pioneer SR, Sony kuma Control S.

In ba ka ga ko ɗaya ba, ci gaba.

Mataki na 2: Gano abin da ke tayar da kai

Yi saurare na 'yan kwanaki kamar yadda ka saba, amma ka riƙa lura da dalilin kowace tashi. Dalilan ba su da yawa: ƙara ko rage murya, sauya daga rediyo zuwa CD ko waya, juya faifai ko kaset, kunnawa da kashewa, sai kuma yin shiru da sauri idan an kira ka. Za ka tarar murya ce ta cinye sauran. Wanda faifan garmaho kawai yake ji, matsalarsa daban ce da ta wanda ya haɗa amfilifayar da talabijin, kuma wannan na biyun shi ne ya fi kowa wahala, saboda talla takan fi shiri ƙara. Sanin naka dalilin shi zai hana ka sayen abin da ba za ka yi amfani da shi ba.

Mataki na 3: Kawo amfilifayar inda hannunka ke kaiwa

An saba jera kayan sauti a tsakanin sifikoki biyu, a bangon da ake fuskanta. Babu dokar da ta ce haka. Sifikoki ne ke buƙatar zama a gabanka, amfilifaya kuwa ko'ina ta zauna aikinta ɗaya ne. Ɗora ta a kan ƙaramin tebur ko kanta a gefen kujerar da kake zama, ka ja dogayen wayoyin sifika ta gindin bango. Da wannan kaɗai rabin matsalar ta tafi.

Abin lura shi ne wace waya za a tsawaita. Wayar sifika tana jure nisa, muddin tana da kauri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada turjiyar wayar, wato yadda take tare wutar da ke bi ta cikinta, wadda ake aunawa da om, ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifikar. Ga sifika mai om 8, wannan na nufin om 0.4. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 takan kai wannan iyaka ne a wajen mita 17, mai 2.5 kuma a wajen mita 28. Idan sifikar mai om 4 ce, raba nisan biyu. Ka ga ke nan a ɗaki na yau da kullum, waya mai 1.5 ta wadatar, mai 2.5 kuma ta ba da sarari. Ka dai tabbatar tagulla ce zalla, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, wadda turjiyarta ta fi yawa.

Wayar da ba ta son nisa ita ce siririyar nan mai kai ja da fari, wato RCA, wadda ke kawo sauti daga CD ko wata na'ura zuwa amfilifaya. Siginar da ke cikinta ƙarama ce, in ta yi tsawo sai ta fara kwaso gurnanin wutar lantarki. Bar ta gajera, kada ta wuce 'yan mitoci. Ta garmaho ta fi kowacce laushi, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe ta. Saboda haka in za ka matsar da amfilifaya, matsar da ita tare da 'yan rakiyarta.

Abu biyu kada ka manta. Bar mata sarari a sama, kamar faɗin tafin hannu ko fiye, domin ta ramukan saman nan take fitar da zafi, kuma tebur na gefen kujera wuri ne da littafi da kofi ke son sauka. Sannan kafin ka taɓa wayar sifika, kashe amfilifayar. Silin tagulla ɗaya da ya tsallaka daga jan kai zuwa baƙi ya isa ya ƙone tsohuwar amfilifaya.

Mataki na 4: Daidaita murya tun daga tushe

A nan ya kamata ka daɗe, domin a nan asalin ciwon yake.

Tsofaffin amfilifayoyi an tsara su ne don rediyo da kaset na zamaninsu, waɗanda siginarsu ba ta da ƙarfi. Da yawansu milibolt 150 zuwa 200 kawai suke buƙata su kai iyakar ƙarfinsu. Da CD ya fito a 1982, na'urorinsa suka zo da kusan bolt 2, wato ninki goma ko fiye, kuma yawancin na'urorin dijital na yau a kan haka suke. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani: da ka ɗan taɓa maɓallin murya sai ɗaki ya ɗauka. Masu harkar suna kwatanta matsayin maɓallin da hannun agogo. A tsohuwar amfilifaya da aka haɗa da CD, duk sauraron da za ka yi yakan matse ne tsakanin ƙarfe bakwai da ƙarfe tara, ɗan motsi kaɗan ya yi yawa, ɗan komawa baya ya yi kaɗan. Dole ka yi ta tashi kana gyarawa.

Akwai kuma wata illar. A cikin maɓallin akwai layukan gawayi guda biyu, ɗaya na sifikar hagu ɗaya na dama, kuma a can ƙasa-ƙasa ne suka fi saɓa wa juna. Shi ya sa da dare, in ka rage murya sosai, sai ka ji sifika ɗaya ta fi ɗaya, ko ɗayar ta ɗauke gaba ɗaya. Ba lalacewa ba ce, wurin da kake amfani da shi ne ba shi da kyau.

Maganin wasu ƙananan kawuna ne da ake sakawa tsakanin wayar RCA da kafar amfilifaya, masu rage ƙarfin sigina da desibel 10 ko 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ba sa cin wuta, ba sa buƙatar saiti. Da ka saka su a kafar CD, matsayin sauraronka zai koma tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, inda maɓallin ke da faɗin motsi kuma hagu da dama suke tafiya tare. Ƙarin amfani shi ne CD zai daidaita da rediyo da kaset, ba za ka ƙara zabura ba idan ka sauya daga wannan zuwa wancan.

Sai bambancin da ke tsakanin waƙa da waƙa. Rikodin shekarun 1970 da na bayan 2000 ba ƙarfinsu ɗaya ba, na baya-bayan nan an matse su sun fi ƙara nesa ba kusa ba. In kana ji daga waya ko kwamfuta, kunna abin daidaita ƙarfin waƙoƙi a cikin manhajar. Spotify yana da shi, Apple na kiran nasa Sound Check, manhajojin kunna fayil kamar foobar2000 kuma suna amfani da ReplayGain, wanda ke auna kowace waƙa ya rubuta mata nawa za a rage ko a ƙara. In an ba ka zaɓi tsakanin daidaita waƙa ɗaya-ɗaya da daidaita kundi gaba ɗaya, ɗauki na farko idan ka gauraya waƙoƙi, na biyu idan kundi guda kake ji daga farko zuwa ƙarshe, don kada waƙar da aka so ta zo a hankali ta taso da ƙarfi.

Bayan haka sai ka yi alama. Yanki ƙaramin selotef na takarda ka manna a fuskar amfilifaya, a gefen maɓallin: ɗaya a matsayin rana, ɗaya a na dare. Kada ka yi da alƙalamin da ba ya gogewa, kuma ka guji selotef mai danƙo sosai, domin yana iya tashi da rubutun fuskar. Da alamar nan, kana kunnawa za ka kai maɓallin inda ya dace kafin ka zauna, kuma kowa a gidan zai san inda ake tsayawa.

Duba ko akwai maɓallin da aka rubuta wa MUTING, sau da yawa da -20 dB a gefensa. Ba ya kashe sauti duka, yana sauke shi ne ƙasa sosai da dannawa ɗaya, in ka sake ya koma daidai inda yake. Don amsa kira aka yi shi.

Mataki na 5: Mayar da ikon murya hannun abin da ke kawo sautin

Idan yawancin abin da kake ji daga waya, kwamfuta ko intanet yake zuwa, to rimot ɗinka yana aljihunka. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar na'urar da za ta karɓi sautin ta miƙa wa amfilifaya ta kafar AUX, TUNER ko TAPE. Duk waɗannan kafofin iri ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta. Wadda ba a saka irin wannan a cikinta ita ce PHONO: an yi ta don siginar allurar garmaho, wadda ba ta wuce 'yan milibolt ba, tana ninka ta sosai kuma tana ƙara mata bas. In ka saka waya a nan, abin da zai fito ba daɗin ji, kuma yana iya illata sifika.

Mafi sauƙi ita ce na'urar karɓar Bluetooth. Tana aiki a nisan kamar mita goma, amma tana matse sautin kaɗan, kuma duk abin da wayarka ta yi, ƙarar saƙo ko kira, ta sifika zai fito. Wanda ke da tsohuwar waya a ajiye, gara ya keɓe ta ga wannan aiki. Wadda ta fi ita ce na'urar da ke ɗauko kiɗa ta Wi-Fi da kanta, irin su WiiM, wayar ta zama abin ba da umarni kawai. Akwai kuma na'urorin da ke juya sautin dijital zuwa na amfilifaya, waɗanda ake kira DAC, kuma da yawansu suna zuwa da rimot nasu mai ƙara murya da sauya kafa. A ganina, ga wanda ke da talabijin, kwamfuta da CD duka, wannan ta ƙarshen ce ta fi dacewa, domin ta ɗauke masa tashi iri biyu a lokaci guda.

Yadda ake saita su yana da muhimmanci, kuma a nan ake yawan kuskure. Mutum zai buɗe amfilifaya har ƙarshe, ya ce ai daga waya zai riƙa ragewa. Ranar da wayar ta sake haɗuwa da cikakkiyar murya, ko yaro ya ja layin zuwa sama, ƙananan sifikokin nan masu fitar da siririn sauti su ne za su fara ƙonewa. Ga yadda ake yi:

Mayar da maɓallin amfilifaya ƙasa gaba ɗaya. Kai muryar waya ko DAC ƙarshe. Sa waƙar da ta fi kowacce ƙara a cikin waɗanda kake ji. Yanzu ɗaga maɓallin amfilifaya a hankali har zuwa mafi ƙarar da za ka taɓa so a ɗakin, ka tsaya, ka yi alama. Daga yau nan ne gidansa. Sauran ragewa daga hannunka ne, kuma ko me ya faru, sautin ba zai wuce wannan iyaka ba. Wajen zaɓen iyakar, ka tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa awa 40 a mako a matsayin abin da kunnen babba zai iya ɗauka a kan desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu.

Wasu na cewa rage murya ta dijital na ɓata sauti. Akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta. Kowane desibel 6 da ka rage daidai yake da sauke bit ɗaya, wato lamba ɗaya daga cikin lambobin da ake rubuta sautin dijital da su. Sautin CD bit 16 ne, kuma na'urorin yau suna lissafinsu da bit 24 ko 32, saboda haka akwai rarar bit 8 aƙalla, kusan desibel 48, kafin a taɓa ainihin abin da ke cikin waƙar. In ka bi saitin da ke sama, ragewarka ba za ta wuce desibel 20 zuwa 30 ba. Ba za ka ji bambanci ba.

Abin da za ka iya ji shi ne maɓallin LOUDNESS ya daina aiki yadda aka tsara shi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna kunne ba ya jin bas sosai idan sauti ya yi ƙasa, shi ya sa aka yi maɓallin ya cike giɓin. Amma a yawancin tsofaffin amfilifayoyi, da matsayin maɓallin murya yake aiki, bai san abin da wayarka ke yi ba. Tunda maɓallin murya ya zauna wuri ɗaya, sai dai ka kunna LOUDNESS da dare ka kashe da rana.

Talabijin tana da nata halin. Kafar abin sawa a kunne, in tana da ita, galibi tana bin rimot ɗin talabijin, don haka waya ɗaya daga nan zuwa AUX ta gama magana. Kafar haske, wato Toslink, ta fi tsabta, sai dai a yawancin talabijin ƙarfinta a tsaye yake, rimot ba ya taɓa shi, dole DAC ɗin ya zama mai rimot. Shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM, wato sautin dijital na yau da kullum, in ba haka ba ƙaramin DAC zai yi shiru ko ya yi ta shashsheƙa idan aka turo masa Dolby, tsarin sautin fina-finai. Hanya ta uku ita ce akwatin da ke ciro sauti daga kafar HDMI ARC, wato kafar HDMI da talabijin ke fitar da sautinta ta ciki. Wasu suna bin rimot ɗin talabijin, wasu ba sa bi, saboda haka ka karanta bayaninsa ka ga an ambaci ƙara murya ta CEC, tsarin da ke kai umarnin rimot ta wayar HDMI, kafin ka saya. Bluetooth kuwa bar shi a nan, jinkirinsa na sa baki ya riga magana.

Mataki na 6: Garmaho, kaset da rediyon cikinta

Dabarun mataki na 5 ba su shafi faifai ba, ba su kuma shafi rediyon da ke cikin amfilifayar ba, tunda sautinsu ba ta waya yake biyowa ba. Amma tsofaffin na'urori suna da wata ƙofa da mutane suka manta da ita. A baya za ka ga kafofin TAPE guda biyu-biyu, REC OUT da PLAY IN, a gaba kuma maɓallin TAPE MONITOR. Duk abin da ka zaɓa, faifai ne ko rediyo, yana fita ta REC OUT. In ka danna maɓallin, amfilifaya za ta saurari abin da ke dawowa ta PLAY IN. To sai ka sa ƙaramin akwatin rage murya mai rimot a tsakaninsu: daga REC OUT zuwa shigarsa, daga fitarsa zuwa PLAY IN. Shi ke nan, komai ya samu rimot, kuma ba ka taɓa cikin na'urar ba. Wasu amfilifayoyin suna da PRE OUT da MAIN IN da aka haɗe da wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu, nan ma ana iya cire su a sa akwatin. Adana ƙarafan, suna da saurin ɓata.

Hattara ɗaya: in wani ya saki TAPE MONITOR, akwatin ya fita daga hanya, sautin zai koma matsayin da maɓallin amfilifaya yake nan take. Wannan ma dalili ne na sa iyaka kamar yadda aka yi a mataki na 5.

Juya faifai kam ba makawa. Gefe ɗaya na babban faifai minti 20 ne da 'yan kai, kaset C60 minti 30, C90 minti 45. Ni ban ɗauki wannan tashin a matsayin matsala ba, tsarin abin ne, kuma masu shirya kundi a wancan zamani da shi suke lissafi. Abin da ya kamata ka magance shi ne garmahon da ba ya ɗaga hannunsa da kansa: in barci ya kwashe ka, allura za ta kwana tana zagaye a layin ƙarshe, alhali rayuwarta ƙidayayyun awoyi ce. Ana sayar da ɗan ƙaramin abin ɗagawa da ake mannawa a gefen hannun, yana kaiwa ƙarshe sai ya taɓa shi ya ɗaga.

Mataki na 7: Kunnawa da kashewa daga nesa

A nan tsohuwar na'ura ta fi sabuwa sauƙi. Makunninta na ƙarfe ne, in ka danna ya zauna a danne. Saboda haka soket mai rimot, ko wanda ake sarrafawa da waya, zai kunna ta ya kashe. Gwajin ba wuya: kunna ta, zare fulogi daga bango, ka mayar. In ta dawo da kanta, soket ɗin zai yi aiki. In ta tsaya tana jiran a danna mata wani abu, ba zai yi ba.

Zaɓi soket mai ɗaukar amfiya 10 ko sama, domin babbar tiransifoma tana fizgar wuta da yawa a daƙiƙar farko. Ka kuma kiyaye jeri: wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. In aka juya, ƙarar "dum" da sauran na'urori ke yi idan wuta ta shige su za ta bi ta cikinta ta daki sifika. Amfilifayoyi da yawa suna jinkirta haɗa sifika na 'yan daƙiƙoƙi, za ka ji ɗan "ƙyas" daga ciki, wannan na taimakawa, amma kada ka dogara da shi. Hanya mai sauƙi ita ce amfilifayar kaɗai ta hau soket ɗin, ƙananan na'urorin da ba sa cin wuta sosai su zauna a kunne. Sa wa soket ɗin lokacin kashewa da dare in kana yawan barci da kiɗa.

Amfilifaya mai bawul, wato mai ƙwayayen gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi, ba a kunna ta daga wani ɗaki ko daga waje. Tana zafi ƙwarai, ba a barin ta ba kowa, kuma ba a kunna ta sifika ba a haɗe ba.

Mataki na 8: Kula da maɓallan, tunda su za su sha hannu

Maɓallin da ke ƙarar "ƙurr" idan ana murɗa shi, datti ne ko tsatsa a kan layin gawayin. Fara da kashe na'urar ka juya shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, sau tari wannan kaɗai na share shi. In bai yi ba, akwai feshin da aka yi musamman don wannan, irin su DeoxIT. Ana fesa kaɗan ne ta 'yar kafar da ke jikin maɓallin daga ciki, ba ta gaba ba. Kada a yi da man feshin kwance ƙusa, yana barin maiƙon da ke tara ƙura. Kuma buɗe murfi ba wasa ba ne: manyan kafasitocin ciki, wato sassan da ke tara wuta, suna riƙe ta bayan an zare fulogi, a masu bawul kuwa ɗaruruwan bolt ne. In ba ka saba ba, kai wa mai gyara. Idan an wanke amma ƙarar ta dawo cikin ɗan lokaci, ka gaya masa ya duba kafasitocin da ke kusa da maɓallin, domin in ɗaya ta fara yoyon wuta, ko sabon maɓalli aka sa zai yi ƙara.

Zaɓi na ƙarshe shi ne a cire maɓallin asali a sa mai ƙaramin inji a bayansa, wanda rimot ke juyawa. Kamfanin Alps na Japan ya yi suna da irinsu. Yana aiki da kyau, amma sai an samu mai turjiya daidai da ta asali, da wurin da injin zai zauna, da inda za a samo masa wuta, da kuma inda idon rimot zai leƙo. In na asalin yana da ƙarin ƙafar da LOUDNESS ke amfani da ita, sabon kuwa babu, ka rasa wannan maɓallin. Huda fuskar tsohuwar amfilifaya mai daraja don a saka idon rimot gyaran gangar auzinawa ne, tunda akwatin da ke kan TAPE MONITOR zai yi aikin ba tare da tabo ba. In har ka yanke shawarar yi, ka ce wa mai gyaran ya fito da idon ta baya da 'yar waya, kuma ya ba ka tsohon maɓallin a leda ka ajiye, don a iya mayar da ita yadda take.